Ɗana Ya Ƙi Kallon Darussan Da Mahaifinsa Ya Bari

Assalamu alaikum Malama Wijdan,

Don girman Allah ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ki ba ni shawara, don ni dai kaina ya kulle. Na daɗe ina bin filinki, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan rubuto ba. Amma kin san garinmu Karak, kowa ɗan'uwan kowa ne. Idan na gaya wa maƙwabciya magana da safe, kafin azahar ta isa gidan surukaina har da ƙari. Sunayen da za ki gani duk na canza su.

Mijina, Abu Aiham, malamin Turanci ne a sakandaren maza, ya kusa shekara ashirin yana koyarwa. Ya rasu bara ana tsakiyar tsinkar zaitun, ciwon daji ne na huhu. 'Yarmu babba tana aure a Aƙaba, don haka gidan ya rage daga ni sai ɗanmu Aiham. Shekararsa goma sha bakwai, yana ajin ƙarshe, jarrabawar tawjihi ta kammala sakandare na jiransa nan da 'yan watanni. Ni kuma ina aiki a ƙungiyar mata masu sarrafa madara, na fita da safe, na dawo da la'asar.

'Yan shekaru kafin rasuwarsa, shi da abokin aikinsa Malam Basil suka ɓullo da wani tsari a makarantar da suke kira juya aji. Wai maimakon malami ya tsaya gaban allo ya cinye lokaci yana bayanin ƙa'idar nahawu, yara kuma su tafi gida su yi ta kokawa da aiki su kaɗai, sai a juya abin. A ɗauki bayanin a gajeren bidiyo, yaro ya kalla a gida, ya tsayar inda bai gane ba, ya mayar baya, ya rubuta tambayarsa. Idan aka zo aji sai a zauna rukuni-rukuni ana gwada jimloli, malam yana zagayawa yana gyara. Abin ya shiga ransa ƙwarai. Yakan ce mini, “Ummu Aiham, ba Turanci nake koya musu ba, riƙon kai nake koya musu. Yaron da ba ya karatu sai an tsaya a kansa, ranar da ya shiga jami'a ya gama yawo.”

A falonmu yake ɗaukar bidiyon. Ya jingina farin allo da kabad ɗin kwanuka, ya ɗora waya a kan littattafai, ya hana ni taɓa tukunya har sai ya gama. Idan motar masu sayar da gas ta wuce da kiɗanta sai ya dafe kai ya ce, “Wannan mutumin jira yake in fara!” ya sake daga farko. A shekararsa ta ƙarshe ya ƙudura sai ya ɗauki duk nahawun ajin ƙarshe, daga babin farko har na ƙarshe. A shekarar ce kuma tari ya kama shi.

Sai dai Malama, mutumin da yake wa 'ya'yan mutane wa'azin riƙon kai, a gida wani ne daban. Shi yake tada Aiham, shi yake ce masa yau lissafi za a fara, shi yake karɓe waya, ya ja kujera ya zauna a gefensa yana duba takardun ɗalibai har yaron ya gama. Ko hutu zai yi sai ya ce masa tashi ka sha iska, ya kuma kira shi ya dawo. Kuma yaron yana ƙoƙari, kullum yana cikin na gaba a aji. Na taɓa ce masa, “'Ya'yan wasu ka ce su riƙe kansu, naka kuma ka riƙe masa wuya.” Ya yi dariya ya ce, “Wannan nawa ne, ba zan yi gwaji da shi ba. Bari ya kai ajin ƙarshe in sake shi a hankali.” Aiham ya kai ajin ƙarshe, shi ne bai kai ba.

Yanzu Malam Basil ne yake koya musu Turanci, kuma da bidiyon marigayi yake aiki, don a gadon asibiti mijina ya sa shi ya yi masa alƙawarin ba zai bar su su tafi a banza ba. Kin ga ke nan aikin gidan ɗana na kowane mako shi ne ya buɗe waya ya kalli babansa.

Kuma ba kallo ne na daɗi ba. A darussan farko mutum ne cikakke, da raha, yana buɗewa da “Ina samarina?” yana kawo misalai da sunan ɗansa don ya ba yara dariya, irin su Aiham bai gyara ɗakinsa ba tun Juma'a, Aiham ya fi kowa cin kayan zaƙin nan kunafa. Da aka kai tsakiya sai ki ga hoton yana tsalle, wuraren da ya yanke tari ne. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana rubutu a allo sai ya dafa kabad. A na ƙarshe ma ya daina nuna fuskarsa, hannu kawai ake gani da allo, da wata murya da ni kaina ba don na san tasa ce ba da na rantse ta wani tsoho ce.

Aiham ya kalli 'yan na farko, daga nan ya daina, bai gaya mini ba. Ban sani ba sai da Malam Basil ya zo gida da matarsa wata Asabar. Ko shayin da na zuba masa bai sha ba. Ya ce, “Ummu Aiham, yaron nan hannu rabbana yake zuwa aji. A wannan tsari ba na sake bayani, wanda bai kalla ba zama yake kamar baƙo.” Ya ce sauran yara idan ba su kalla ba yakan tura su bayan aji su kalla a kwamfutar makaranta kafin su shiga rukuni, amma shi Aiham, wallahi ba zai iya yi masa haka a gaban mutane ba. Don haka ya ƙyale shi. Ba ya ba shi ɗan gwajin da ake yi a farkon darasi, ba ya nuna shi da tambaya. 'Yan rukuninsa su suke rubuta masa rabonsa. A nan ne ma na fara jin cewa wani yaro ya taɓa kwaikwayon muryar marigayi a filin makaranta, ya ce “Ina samarina?” har da tarin, Aiham ya fasa masa baki. Shugaban makaranta ya rufe maganar saboda darajar babansa. Kowa tausayinsa yake ji, ba mai tambayarsa komai.

Da Turanci ne kaɗai da da sauƙi. Lissafi ya faɗi, kimiyya ta faɗi, har Larabci da ba ya ba shi wahala. Bayan la'asar yakan je ya zauna a teburinsa kamar yadda aka saba masa, ya buɗe littafi. In leƙa bayan an jima in tarar shafin nan dai ne, shi kuma yana kallon bango kamar mai jiran a ce masa fara. Na tambaye shi, ya ce, “Umma, ban san ta inda ake farawa ba.” Daga nan sai ya ja waya ya shiga wasanni har a kira isha. Na gwada yin yadda babansa yake yi, na ja kujera na zauna, amma ni ban san me zan ce ya karanta ba, karatuna bai wuce sakandare ba, kuma na manta rabinsa. Na karɓe wayar, ya dube ni ba ko fushi ya ce, “Ai darasin a ciki yake.” Na miƙa masa abarsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na yi abin da ya sa nake rubuto miki. Bayan mun ci abinci na ce yau sai ya kalla, tare za mu kalla. Na zaunar da shi a falo, na kunna darasin makon, na jimlar sharaɗi ne, daga cikin na tsakiya. Babansa ya yi gaisuwa, ya juya ya rubuta misali, ya karanta da Turanci sannan ya fassara: idan Aiham ya yi karatu zai ci jarrabawa. Ya waiwayo ya yi murmushi, hoton ya yi tsalle. Aiham ya miƙa hannu ya kife wayar a kan tebur. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ke da kike son ganinsa ki kalla, ai kullum ina jin ki a kicin. Ni na san abin da ke cikin darasi na gaba, zai ƙara ramewa. Sau ɗaya na raka shi kabari, ba zan sake raka shi babi-babi ba.” Na ce ya ji tsoron Allah, mutumin nan da numfashinsa na ƙarshe ya yi aikin nan domin irinsu. Sai ya ce, “Domin su dai. Ya koya wa 'ya'yan gari duka yadda za su yi in ba ya nan, ni kaɗai ya manta.”

Na mare shi, Malama. Tun yana goye ban taɓa ɗaga masa hannu ba. Ya tashi ya sa takalmi ya fita, sai magariba ya dawo. Daga ranar tsakanina da shi sai gaisuwa. Ya ɗauki abincinsa ya shiga ɗaki ya rufe.

Kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Ina kallo. Idan na dawo aiki na shiga kicin sai in jingina waya da tulun man zaitun in kunna, ina yankan albasa yana bayani. Wani lokaci a bayan muryarsa nakan ji ƙarar cokalina da ya faɗi, in tuna ranar. Duk na kalle su, wasu har na haddace, na iya ƙa'idojin da ban san me zan yi da su ba. Na ɗauka sautin ba ya fita daga kicin.

Ga kuma baffansa Talal, wan marigayi, mai garejin tayoyi a hanyar Amman. Shi a wajensa lalaci ne kawai. Ya ce, “Mu da babanmu ya mutu, ana gama karɓar gaisuwa muka koma gona. Kun mai da yaro kamar ƙwai. Ki ba ni shi wata biyu, ko ya yi karatu a gabana ko ya koyi cire taya, ɗaya dai zai iya.” Dama tun ɗan'uwansa yana raye yake cewa tsarin nan wasa ne, malami ya tura yara su koya wa kansu shi kuma ya karɓi albashi. Yanzu ya matsa mini in je makaranta in sa a janye bidiyon gaba ɗaya. Ya ce, “Ana yawo da mamaci a aljihun yara, har banɗaki suke shiga da shi, wannan ita ce darajar da kika bar masa?” Na je makarantar na tambaya. Shugaban makaranta ya ce idan iyali suka nema za a janye. Malam Basil kuwa da ya ji har hawaye ya yi. Ya ce yara sama da talatin ne suka dogara da su, da yawa iyayensu ba su da halin ɗaukar malamin gida, kuma shi ba shi da lokacin sake ɗaukar wasu a tsakiyar shekara. Ya ce sadaka ce mai gudana, kada in yanke wa marigayi ita.

To Malama, in sa a janye, in cuci 'ya'yan mutane, in karya abin da mijina ya roƙa? In bari, ɗana yana narkewa a gabana? In miƙa shi ga baffansa? Ko in nema masa wata makaranta a wannan lokaci, inda ba a san shi ba? Wani lokaci nakan ce baƙin ciki ne, wani lokaci in ce Talal ya fi ni gaskiya, yaron ya samu mafaka ne ya laɓe. Wani lokaci kuma, Allah ya yafe mini, nakan ji haushin marigayi da kansa. Ba na iya barci sosai, a wurin aiki na ƙona madara har sau biyu. Ki gaya mini abin da zan yi.

Wata uwa daga Karak

Wa alaikumus salam 'yar'uwata,

Allah ya jiƙan Abu Aiham, ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, ya ba ku haƙuri. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan ɓoye miki ba, al'amarin yana da nauyi, ba kuma irin wanda ake warwarewa cikin mako guda ba ne.

Ɗanki ya gaya miki abubuwa biyu a ranar Juma'ar nan, kuma ki yarda da dukansu. Ba zai iya kallon babansa yana ƙarewa ba, sannan bai iya karatu shi kaɗai ba. Waɗannan ciwo biyu ne daban, kowanne da maganinsa. Ke kin tsaya kina tambaya ko baƙin ciki ne ko lalaci. Malalaci ba ya zuwa ya zauna gaban littafi yana kallon bango, kwanciyarsa yake yi. Wannan yaro ne da aka yi shekaru ana tuƙa shi, rana ɗaya aka bar masa sitiyari.

Kada ki sa a janye bidiyon. Ba don alƙawarin asibiti kaɗai ba. Idan aka janye, duk makaranta za ta san saboda wa aka yi, ya zama yaron da ya jawo wa 'yan ajinsu asara ana dab da tawjihi. Kin ƙara masa kaya ke nan. Amma kuma kada ki sake tilasta masa kallo, ko na daƙiƙa ɗaya. Na yi koyarwa kafin in kama wannan fili, kuma na san tsarin nan. Abin da yake buƙata shi ne ɗalibi ya haɗu da ƙa'idar kafin ya shigo aji. Ba dole sai ta wannan bidiyon ba. Malam Basil zai iya rubuta masa bayanin kowane mako a shafi ɗaya da misalai, ko ya ɗauki muryarsa na 'yan mintuna ya tura masa. Ba cewa aka yi ya sake aikin shekara ba, ɗalibi ɗaya ne, ɗan amininsa. Takardar ma ta fi, don za ta raba karatun da wayar da wasanni ke ciki.

Idan kin je wurin Malam Basil ki gaya masa wata magana da ba zai ji daɗinta ba, cikin ladabi. Tausayinsa yana cutar da yaron. Ranar da ya daina ba shi gwaji ya daina tambayarsa, ya nuna masa an cire rai da shi. Ya mayar da shi cikin sahu, ya ba shi gwajin da yake ba kowa, ya hana 'yan rukuni rubuta masa. Idan ya samu biyu cikin goma, a rubuta masa biyu. Sannan ki ce masa ya yi tunani a kan darussan ƙarshe, waɗanda ciwo ya fito fili a cikinsu. Sauran yaran ma malaminsu ne, kuma ba dutse ne a ƙirjinsu ba. Wanda ya kwaikwayi tarin nan ya yi rashin kunya, amma ban cire cewa shi ma abin ya dame shi ne bai san yadda zai yi da shi ba. Alƙawarin da Malam Basil ya ɗauka na raya aikin ne, yana iya sake ɗaukar waɗannan 'yan kaɗan da kansa a hutu, bai ci amanar kowa ba.

Baffan Aiham bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Ya ga yaro ba ya aiki, ya ga kowa yana lallaɓa shi, kuma hakan ne. Inda na rabu da shi shi ne magani. Yana so ya kawo wani namijin ya sake tsayawa a kan yaron. Zai yiwu maki ya ɗan tashi na wata biyu, amma ranar da ya ɗaga ƙafa za ku koma inda kuke, ga shekara ta ƙara tafiya. Ki gode masa, kada ki yi faɗa da shi, za ku buƙace shi nan gaba. Idan Aiham yana so ya je gareji ranar Asabar ya yi aikin hannu ya sha iska cikin maza, alheri ne. Amma maganar barin makaranta ki rufe ta, ko da sai kin kira wani babba a dangi ya zauna a tsakani. Canza makaranta ma ban ba ki shawara ba, lokaci ya ƙure, kuma zai tafi da rashin iya karatun nasa duk inda ya je.

Riƙon kai abu ne da ake koyo, kamar girki. Raunin tsarin juya aji ke nan idan ba a kula ba, yana ɗauka cewa yaro ya riga ya iya, alhali da yawa ba su iya ba. Mijinki ya san haka, shi ya sa ya yi niyyar sakin ɗansa a hankali. Ba munafuki ba ne, uba ne da tsoro ya hana shi yi wa nasa abin da ya san daidai ne. Shin kin taɓa gaya wa Aiham abin da ya ce miki game da ajin ƙarshe? A wasiƙarki ban ga alama ba. Ki gaya masa, da kalmomin babansa. Kada ki kare marigayi, kada ki zarge shi. Ki ce, gaskiya ka faɗa, bai koya maka ba, ya jinkirta ne har lokaci ya ƙwace masa. Yaro yana iya jin haushin mahaifinsa yana kuma kewarsa, ke ma kin san haka da kanki, kuma ba zunubi ba ne.

Daga nan ku fara da ƙarami, ƙarami har ya ba ki haushi. Shi zai zaɓi lokaci, shi zai zaɓi darasi, ba ke ba. Kafin ya zauna ya faɗa wa kansa abu ɗaya da zai yi, kamar ƙa'ida ɗaya ko lissafi biyar. Idan ya gama ya rufe littafi ya gwada rubuta jimloli daga kansa, ya ga ko ya zauna. Wayar shi zai kai ta wani ɗaki da hannunsa, idan kika karɓa ke kika riƙe shi, ba shi ya riƙe kansa ba. Ke kuma ki ɗauke kujerar nan daga gefen teburinsa. Sau ɗaya a mako, ranar Alhamis misali, ki tambaye shi me ya yiwu, me bai yiwu ba, me zai canza. Zai faɗi a makonnin farko, zai ce zai yi bai yi ba. A nan ne aikinki yake, ki haɗiye maganar da ta zo miki baki, ki bar shi ya ga sakamakon a gwajin Malam Basil. Idan akwai aboki ɗaya mai hankali a ajinsu da za su riƙa zama tare, ba don ya yi masa aiki ba, ki buɗe masa ƙofa.

Ke kuma, kallon da kike yi ba laifi ba ne, mijinki ne. Amma ki sayi abin sawa a kunne, ko ki kalla lokacin da yaron ba ya gida. Kuma ki rage. Gidan da muryar wanda ya tafi ta fi ta masu rai yawa, zama a cikinsa da wuya. Ki kira 'yarki ta Aƙaba ki gaya mata duk abin da kika gaya mini, ta zo ta yi muku kwana biyu. Rashin barcinki ma ki kai shi wurin likita. Shi kuma Aiham ki sa ido. Idan ya daina cin abinci, ko ya yanke hulɗa da abokai gaba ɗaya, ko kika ji yana cewa da ma shi ne ya mutu, kada ki jira shawarar kowa, ki kai shi wurin likitan da ya san damuwar zuciya a ranar. Ko bai kai haka ba, zama da mai ba ɗalibai shawara zai amfane shi, don akwai abin da yaro ba zai iya faɗa wa uwarsa ba saboda yana tausayinta.

Akwai abin da ba zan yi miki alƙawarinsa ba. Zai yiwu bana bai samu makin da kuke fata ba. Watannin da suka rage kaɗan ne, ramin kuma yana da zurfi. Ki shirya wa hakan tun yanzu, ki kuma shirya abin da za ki ce wa dangi. Jarrabawa ana sake ta, mutane da yawa sun sake sun wuce. Yaron da ya fito daga shekarar nan ya iya zaunar da kansa ya yi aikin rabin awa ba mai gadi, ya samu abin da zai ci da shi har tsufa, ko da takardar shaidar ta zo a makare.

Amma duk wannan ba zai fara ba sai kin gyara ranar Juma'a. Yau, ba gobe ba, ki je ki buga masa ƙofa. Ki ce kin yi kuskure da kika mare shi, kin yi kuskure da kika tilasta masa, ba za ki sake ba. Kada ki haɗa da amma, kada ki ambaci karatu. Idan bai buɗe ba, ki faɗa ta bayan ƙofa ki koma aikinki. Kada ki tsaya jiran amsa, tana iya ɗaukar kwanaki.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya raya miki Aiham ya tsaya da ƙafafunsa, ya dawo muku da hira a gidan nan.

Malama Wijdan